Me ke sa jama'a su taru su auka wa mutane, kuma me ke tsayar da su?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Hatsi ya fara nuna, kuma kowa ya san lokacin faɗuwar gaba ke nan a karkara, don dabbobi za su fara gangarowa daga arewa alhali ba a gama kwashe amfanin gona ba. Abin da ke damuna shi ne: ta yaya mutanen da suka san juna, suna cin kasuwa ɗaya, matar wannan tana sayen nono wajen matar wancan, za su wayi gari su ɗauki adda da wuta su auka wa rugar da ba ta yi musu komai ba? Kisan makiyayan da aka yi a Toda, nan jiharmu ta Maradi a Nijar, a 1991, ba baƙi suka zo suka yi shi ba. Haka a cikin gari, a yi ihun ɓarawo, kafin ɗan sanda ya iso an gama da mutum, kuma cikin masu jifan har da wanda fitowarsa masallaci ke nan.

Wasu na cewa talauci ne, wasu sun ce al'adarmu ce ke zuga namiji ya rama. Ina roƙon masu sani su warware mini: mene ne a cikin al'ada ke ba taro izinin zubar da jini, mene ne kuma ke hana shi? A aikace kuma, idan mai gari ko shugaban fadar samari ya ga abu na haɗuwa, me zai yi, da wane tsari?

Malam Na-Gulbi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara ajiye talauci gefe guda. Talauci yana nan kullum a kowane gari, kisan taro kuwa ba kullum ake yinsa ba. A Indiya an bi diddigin rikicin Hindu da Musulmi daga 1950 zuwa 1995, aka tarar birane 8 kaɗai suka kwashe kusan rabin waɗanda aka kashe, ƙauyuka kuma, inda fatara ta fi katutu, rabonsu bai kai 5 cikin 100 ba. Talauci na samar da samari marasa abin yi, amma ba shi ke nuna musu gidan da za su ƙona ba.

Abin da ke gaba da komai labari ne, kuma kusan kullum siffarsa ɗaya: su suka fara. An kashe namu, an taɓa matarmu, suna can suna tara makamai, yau da dare za su shigo. Ba taron da ke fita yana cewa zalunci za mu je yi. Kowa kare kai yake ganin ya fita yi, shi ya sa mutumin kirki ke iya shiga ya dawo ya yi alwala hankalinsa kwance. Yayin da labarin ke yawo daga baki zuwa baki, sunan mai laifin yakan faɗi a hanya. Da safe "yaron wane ya saki shanu a gonar wane" ne, da la'asar ya zama "Fulani sun cinye mana gonaki". A rugage ma haka: manomi ɗaya ya sari saniya, kafin dare an ce "Haɓe sun tasam mana". Da zarar sunan ya ɓace, kowa na wancan ɓangaren ya shiga lissafi, kuma waɗanda ake tararwa a gida su ne mata da yara da tsofaffi. A Toda sama da mutum 100 aka kashe, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Ka lura da lokacin ma: ƙarshen Oktoban 1991, ana dab da rufe babban taron ƙasa a Yamai, ikon gwamnati ya yi sanyi.

Sai izini. Samari ba sa tashi sai sun karanta fuskar manya. Ba dole mai gari ya ce ku je ba. Ya isa ya shige gida ya rufe ƙofa, ko limami ya ce shi ba ruwansa. A Ruwanda, 1994, inda aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, jihar Butare ta yi kusan mako biyu ba a fara kisan gadan-gadan ba, saboda gwamnanta ya ƙi. Sai da aka tsige shi, shugaban riƙon ƙwarya ya zo da kansa ranar 19 ga Afrilu ya yi jawabin zuga, sannan aka fara. Mutanen su ne dai, al'adar ita ce dai, wanda ke bisa kujera ne ya canza.

Al'ada tana shigowa ne wajen kira da wajen yabo. Ƙauyen Hausa ya iya tara maza cikin ɗan lokaci: ganga, ƙaho, yekuwa, aike zuwa garuruwan maƙwabta. Da wannan tsarin ake gayyar noma, da shi ake kashe gobarar daji, da shi ake bin sawun ɓarayin shanu, kuma wanda ya ƙi fita ya san gori zai bi shi shekara da shekaru. A Ruwanda ma tsarin aikin gayya aka juya, kisan kansa "aiki" suke ce masa, gidan rediyon RTLM yana kiran ƴan ƙabilar Tutsi, waɗanda ake kashewa, kyankyasai yana faɗin inda suka ɓuya. Mu a nan muna da kirarin ƴan tauri da na maharba, da kiɗan da ke sa namiji ya ji kunyar ja da baya, da karin magana irin "ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi". Ga tarihi kuma: Katsinawan da jihadi ya koro ne suka kafa sarautar Maradi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wannan tarihin ba shi ke haddasa faɗan gona ba, jikokin mayaƙan sun daɗe da yin auratayya. Amma mai son zuga yakan ɗebo daga cikinsa, ya mai da rikicin dami goma ci gaban yaƙin kakanni.

Tsakanin abin da ya faru da harin kuwa akwai tazara, wani lokaci ƴan awoyi, wani lokaci dare guda, sau da yawa sai an dawo daga jana'iza. Gari yakan yi tsit, manya su ɗauka ƙura ta lafa, alhali lokacin ne ake wasa adduna ana aike. Duk abin da zai hana, a cikin wannan tazarar ake yinsa.

Mai Burtali:

Malam ya yi bayanin tushe. Bari in shiga ɓarnar gona, don a jiharmu nan ne jini ya fi zuba, sau da yawa a kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin tunkiya biyu ba.

Doka tana nan. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, tun daga matakin gari har gunduma, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Gwamna ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara, galibi tsakanin Disamba da Janairu. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gonar damina mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar hatsinsa a fili ba shi da bakin neman diyya. Wanda ya noma cikin burtali ko ya toshe mashaya shi ne da laifi, wanda ya sari dabba ko ya karya ta shi ma zai biya.

Manomi ya tarar da dabbobi a gonarsa, kada ya daki yaron, kada ya taɓa dabba. Ya kira mutum biyu su gani da idonsu, su duba shaidar da ke jikin shanun, ta wuta ko tsagar kunne, don ita ke nuna garken wane ne ko da an gudu. In da salula a ɗauki hotonsu a cikin gonar. A sanar da mai gari a ranar, shi kuma ya aika wa arɗo, ko mai masaukin baƙon in garke mai wucewa ne. Washegari da sassafe, kafin iska ta ɓata sawu, a je gonar da wakilin manoma da na makiyaya, da malamin gona in yana kusa. A auna wurin da aka ci da igiya, a gwada shi da faɗin gonar duka. A ce gonar takan ba da dami 40, ɓarna ta ci kashi ɗaya cikin huɗu, dami 10 ke nan. Kada a yi gardamar nauyin dami da baki: a ɗauki ɗaya daga gonar a sussuke a auna da tiya, a ninka, a bi farashin kasuwar makon, tiya 40 buhu ɗaya. Abin da aka yanke a rubuta shi a takardar sulhu, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. In an kasa, a rubuta takardar rashin sulhu a tura wajen sarki, daga nan sai alƙali. Amma in jini ya fita, ko da rauni ne, maganar ta wuce zauren mai gari, ta jandarma ce a take.

Ga inda abin ke lalacewa. Wasu masu gari sukan bar auna ɓarna su koma tarar kai, kaza a kowace saniya, kaza a kowace akuya, da nasu kason a ciki, har kuɗin ya ninka ɓarnar. Makiyayin da aka taɓa yi wa haka, in dabbobinsa suka sake shiga gona ba zai tsaya ba, cikin dare zai kora su ya yi nisa. Gari ya waye manomi ya ga gonarsa kwance, mai ɓarna ba ya nan, sai a nufi rugar da ke kusa, ta mutanen da suka daɗe zaune a wurin, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A ɗaya gefen akwai masu garken da ke ba ƙaramin yaro shanu hamsin, akwai masu sakin dabbobi da dare da gangan, akwai samarin da ke kiwo da tramol a kai da takobi a kafaɗa. A kuma daina ɗauka kowace saniya ta Bafulatani ce. Da yawa na ƴan kasuwa ne da ma'aikata da manoman kansu, shi ɗan kiwo ne kawai. Ranar sakin gonaki ita ma takan jawo rigima in an sa ta daga ofis ba a duba dawa da waken da ke nuna a makare ba, ko in tafkunan arewa sun ƙafe da wuri garke ya gangaro kafin lokaci.

In an riga an yi kisa, daren farko ne abin tsoro. Jandarma su je rugar da ƙauyen duka biyu, kada su tsaya wurin gawa kaɗai. A kwashe mata da yara zuwa gidan sarki ko wani wuri mai tsaro kafin magariba. In an kama wanda ake zargi a sanar da jama'a yana hannu, don laifin ya koma kan mutum ɗaya. Sarki ko wakilinsa ya tsaya a jana'izar har a watse, a kuma aika wa masu garin maƙwabta cewa duk wanda ya bar samarinsa suka fito shi zai amsa. A Bangi ta jihar Tawa, Nuwamban 2016, daga shanu sun shiga gona aka kashe mai gonar, kafin a shawo kan abin mutum 18 aƙalla sun mutu, da mata da yara a ciki.

Almajirin Limanci:

Allah ya saka wa malamai da alheri. Tunda mai tambaya ya ambaci wanda ya fito masallaci ya shiga jifa, ya kamata a faɗi hukuncin a fili, domin da yawa suna zaton yawa yana raba alhaki kowa ya ɗauki ɗan kaɗan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in jama'a suka haɗa baki suka kashe mutum ɗaya da gangan, dukkansu ake yi wa ƙisasi. Sayyidina Umar ya zartar da haka kan wasu da suka kashe mutum guda, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗu a kansa da ya kashe su duka.

Kama ɗan'uwan mai laifi ko ɗan ƙabilarsa kuwa shi ne abin da Musulunci ya zo ya rushe. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, ciki har da An'am da Isra'i da Faɗir, cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. A huɗubar ban kwana Annabi (SAW) ya soke jinin ramuwa na jahiliyya, ya fara da na danginsa. Ranar da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya yi kururuwar kiran mutanensa, cewa ya yi a bar wannan kira, ɗoyi gare shi.

Ko ɓarawon da aka kama da kaya a hannu, ba taro ke hukunta shi ba. Haddi sai alƙali, sai shaidu ko iƙirari, sai kayan sun kai nisabi kuma an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, shubuha kuma tana kawar da shi. Hukuncin ma ba kisa ba ne. Ƙona mutum da wuta an hana shi ko a fagen yaƙi. Ɓarnar dabbobi ma fiƙihu bai bar ta ba: hukuncin da aka yi kan taguwar Bara'u ɗan Azib shi ne masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare masu su za su biya.

Sai dai in faɗi abin da ke kanmu, mu almajirai da malamai. Izinin da ya fi kowane ƙarfi shi ne wanda aka ce daga addini ya fito, domin yana cire wa mutum jin laifi gaba ɗaya. A Janairun 2015, kan zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa, an kashe mutum 10 a Damagaram da Yamai, an ƙona coci 45 a Yamai kaɗai, na mutanen da ba su da hannu a zanen. A nan Maradi, Yunin 2019, bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, an ƙona coci a unguwar Zariya. Da aka sake shi, shi da kansa ya nemi a kwantar da hankali, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar ne suka sa shi kuskure. Aya ta 6 ta Hujurati ta riga ta ce a bincika labari, kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Don haka mai hawa mumbari, kafin ya yi magana kan doka ko labari, ya nemi takardar ta asali, ya sa mutum biyu su fassara masa daban-daban. In gari ya ɗauki zafi ranar Alhamis, limaman Juma'a su haɗu a daren su daidaita abin da za su faɗa, bayan sallama kuma su tsaya a ƙofa har a watse, domin fitowa daga Juma'a taro ne da ya riga ya haɗu ba sai an kira ba.

Hajiya Ta-Sabon-Gari:

Sannunku da ƙoƙari. Duk kun yi maganar maza, mata ba a ambace su ba sai a cikin waɗanda aka kashe. Ɗana, muna da hannu. Maza da yawa gorin cikin gida ne ke fitar da su tun kafin ganga: "an kashe ɗan'uwanka kana zaune", "in ba ka iyawa ba ni wandon". Guɗar da ake yi wa ango ita ake yi wa masu dawowa daga hari. Uwa kuma in ta tsaya a ƙofar gida ta ce "ban yafe ba in ka fita", samari kaɗan ne za su tsallake ta. Saboda haka a daren tashin hankali a aika wa shugabar mata da ungozoma da uwar adashi, su bi gida-gida. Sun fi mai shela shiga lungu.

Mata ne kuma ke fara ganin alama. In masu tallan nono ba su shigo gari ba kwana biyu, ko mai bin bashi ta zo karɓar kuɗinta kafin lokaci, to wani abu na tafe, a gaya wa mai gari.

Wasan taubasai da ake ta yabo a rediyo ina girmama shi, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma a san iyakarsa. Bafulatani da Babarbare, Bafulatani da Ba'are, Bagobiri da Bazabarme, waɗannan in rai ya ɓaci wasa na iya sauke shi. Ba kowace ƙabila ce taubashiyar kowace ba, kuma wasan da ake yi a dandali gaban manyan baƙi ba ya bin mutum gona. Abin da ya fi riƙe mutane shi ne dukiyar da ta cuɗanya. Manomin da tumakinsa ke hannun makiyayi ba zai bari a ƙona rugar ba. Asusun Mata Masu Dubara, wanda a jihar nan aka fara shi a 1991, in ƙungiya ɗaya ta haɗa matan gari da na ruga suna zubi kowane mako, to kowane mako akwai wurin tambayar gaskiyar jita-jita. Binciken Indiya da Malam ya kawo ma abin da ya gano ke nan: biranen Aligar da Kalikat yawan Musulminsu kusan ɗaya ne, na farko ya sha rikici, na biyu ya zauna lafiya, domin a Kalikat Hindu da Musulmi suna cikin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ma'aikata tare. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a kafa ƙungiyar manoma daban, ta makiyaya daban, ba sa haɗuwa sai ranar da aka yi gawa.

Ɗan Bagalam:

Na gode iyayena, na ƙaru. Saura ta cikin gari. Ihun ɓarawo ba ya ba da tazarar dare guda, kan ka ce kwabo an gama. Mutum ɗaya ko biyu me za su iya? Kuma samarin unguwa suna maganar kafa ƴan sintiri saboda satar babura, wannan mafita ce?

Dattijon Zariya:

Suna iyawa, ɗana, in sun san abin yi. A irin wannan taro masu dukan ƙalilan ne, sauran kallo suke, kallon kuma shi ke ba masu dukan ƙarfi. Kada ka tsaya gardamar ya yi ko bai yi ba, za a ce kai ma abokinsa ne. Ka ce "a kai shi komisariya, kada ya mutu a wuyanmu", ka yi ta maimaitawa da ƙarfi (komisariya ita ce ofishin ƴan sanda). Ka kira masu dukan da sunansu da na ubansu in ka san su, don wanda aka ambaci sunansa ya san akwai shaida a kansa. Kada ka ce "jama'a ku taimaka". Ka nuna mutum: "Alhaji, kama nan", "mai shago, buɗe mana". Abin da ake nema shi ne bango da ƙofa, shago ko masallaci ko zauren mai unguwa. A shigar da shi, dattawa biyu ko uku su tsaya a bakin ƙofa, wani ya kira lambar ƴan sanda 17, wani kuma ya tare wajen masu sayar da fetur a kwalba, domin in fetur ya iso ceto ya yi wuya. Tsayuwa a ƙofa ba ƙaramin abu ba ne. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na jihar Filato, Limam Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi ba maharan hanya, kuma suka tsira.

Wanda aka yi wa satar da shaidu biyu dole su bi ƴan sanda su ba da bayani su sa hannu. Nan ake sakaci. Tsarewar farko awa 48 ce, ana iya ƙarawa da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, in ba mai ƙara ba shaida sai a saki wanda aka kama. Jibi a gan shi a kasuwa a ce an ci hanci, gaba in aka kama wani a ce kada a kai shi ko'ina. Mai unguwa ya bi shari'ar, ya dawo ya gaya wa mutane inda ta kwana.

Ƴan sintiri kuma, ku dubi ƙetaren iyaka kafin ku fara. A Zamfara ƴan sa kai sun fara ne da kare gari daga ɓarayin shanu, suka koma kashe wanda suke zargi a tsakiyar kasuwa ba shari'a, yawanci Fulani. Ɗaya ɓangaren ya ƙara makamai, aka shiga ramuwa gari-gari. A Ƴargaladima ta Zamfara, Afrilun 2014, sama da mutum 100 aka kashe a rana ɗaya. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankunan Gidan Rumji da Madarumfa, kuna ganinsu. In dole sai an yi sintiri, a yi shi da sanin mai unguwa da komisariya, sunan kowa a rubuce, kowace ƙabila da ke unguwar tana ciki, dattijo ɗaya tare da su kowane dare. Fitila da usur da salula kawai za su riƙe, ba bindiga ba adda. Ba duka, ba ɗakin tsare mutum, ba karɓar tara; wanda aka kama a miƙa shi a daren. Kuɗin shayinsu ya fito daga asusun unguwa da ake karanta lissafinsa a fili, kada ya fito daga aljihun mai kuɗi ɗaya ko ɗan siyasa, don wanda ke biya shi ke nuna wanda za a kama. Wanda ya daki mutum sau ɗaya a cire shi, a kuma kai sunansa komisariya.